Kujerar da ke Hagunsa

A ɗakin jiran mai ba da shawara, sakatariya tana satar kallon wani dattijo. Rigarsa a goge take, amma maɓallan sun saɓa. Yana ta murza bakin hannun rigar, ƙarar fanka kaɗai ake ji a ɗakin.

"Baba, me ke tafe da kai?"

Bai ɗago ido ba. Ya juya ga kujerar da ke hagunsa, yana jira. Ba kowa a kanta.

Sakatariya ta raya a ranta cewa tun ƙuruciya magana da baƙi ke yi masa nauyi, wata ce ke tare masa, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura.

Can ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Marigayiya ce ta saba amsawa."