Sista Tashi-mu-je da Keken Babanmu

Kafin likita ya iso, ta riga ta buɗe tagogin sashen masu ciwon zuciya, ta jera bencina a baranda. Tsofaffi na shigowa, kowa da ɗa ko jika yana tallabe da shi kamar ƙwai. Tana gama auna musu jini sai ta tafa hannu: "To, tashi mu je!" Sunan da ya bi wannan nas ke nan har makon nan da take ajiye aiki.

Ni ganau ce. Babanmu tela ne. Da aka sallamo shi daga asibiti bayan ciwon zuciya ya kwantar da shi, mu 'ya'yansa muka ƙarasa abin da ciwon ya fara. Muka kulle keken ɗinkinsa a sito. Ko buta ya miƙa wa hannu sai wani ya riga shi: "Zauna, Baba!" Likita ya ce ya riƙa takawa, shi kuwa tsoro ya hana shi. Mutumin da surutunsa ke cika layi ya koma kallon bango, hannu a ƙirji. Na ji tsoro ƙwarai, don ina kallon ubana yana ƙarewa a kan kujera.

Ranar da muka kai shi awo, Sista ta harare ni. "Ke 'yar nan, sakar masa hannu, ba jariri ba ne." Sai ta durƙusa gabansa, ta rage murya. "Baba, taimako nake nema. Ka ga tsohon direban can? Tsoron tafiya yake. Riƙe min shi zuwa ƙarshen baranda."

"Ni da nake neman mai riƙe ni?"

"Ai kai ka san yadda tsoron yake."

Baba ya gyara hula ya miƙe. Suka tafi a hankali, ita tana biye da su, idonta a kan numfashinsu. Suka kai ƙarshe suka dawo, Baba har da faɗa: "Malam direba, ɗaga ƙafa mana!" Daga baya muka gano abin da ta faɗa wa Baba shi ta faɗa wa direban. Har gobe gardama suke a kan wa ya riƙe wa, kuma kullum da safe tare suke zaga layi, suna tuna wa juna shan magani.

Sista, ke ce kika gane cewa tsohon da aka daina nema da komai ya fi saurin karaya. Ke ce kika tsawatar mana, bayan likita ya amince, kika ce a buɗe siton nan. Uwar marasa lafiya, mai faɗa da dariya a baki! Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu riƙe ki ranar da kike buƙata.

Masu tsofaffi a gida, ku yi koyi da ita. Ku tsaya kusa da su, amma ku bar musu abin yi.

Rigar da za ta sa ranar ban kwana Baba ne ya ɗinka, da ƙafarsa a kan kekensa. Hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Na ce a kawo in kai a gyara, Sista ta ce duk wanda ya taɓa mata riga zai gamu da ita.