Idon da Bai Yi Rawa Ba

A layin masu kayan kwalliya, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum huɗu. Mai shagon mace ce siririya, furfura ta fara leƙo mata, sana'arta sa wa mata gashin ido. Kowa Anti Yi-Magana yake ce mata, ita ma ta gaji da musu ta karɓi sunan.

Halinta ne ya jawo mata shi. Duk inda ake sa gashin ido, cewa ake yi mace ta kwanta, ta rufe ido, ta yi shiru. Ita kuwa Anti sai ta kwantar da mace a doguwar kujerarta, ta ɗauki hantsaki, ta ce, "To, yi magana. Ko gulmar maƙwabciyarki ce, ina ji." In mace ta yi tsit, za ta ji hannun Anti ya tsaya cak, sannan ƙaramin yatsa ya sauka a kan fatar idonta, a hankali. Sai ta motsa Anti ke ci gaba. Mata da yawa sun ce abin na tayar musu da tsigar jiki, amma sukan dawo, don aikin hannunta ba na wasa ba ne.

Sannan ga kawunan. Can saman kanta, dab da silin, kawunan roba ne jere, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin koyo: ba gashi, ba gira, ido a rufe. Duk ta juya fuskokinsu ga bango. Ba ta sayarwa, ba ta zubarwa. Masu baki sun ce asirin jawo ciniki ne. Ƙarya ce tsagwaronta, irin ta mutanen da ba su taɓa zama sun tambaya ba.

Lokacin da abin da ya jawo duk wannan ya faru, ba ta zama Anti ba tukuna, Auta ake ce mata. Maɓalli take ɗinkawa a shagon wani tela, ko hoda ba ta dame ta ba. Tana zaune da yayarta a ɗaki biyu a saman bene. Yaya ce ta raine ta bayan rasuwar uwarsu, kuma Yaya irin matan nan ce da bakinsu ba ya hutawa. Ko tukunya take wankewa sai ta ba ta labari.

Sai ciwo ya kama Yaya, maganin asibiti kuma ya kwashe mata gashi ƙarƙaf: na kai, na gira, har na ido. Tana da 'ya ɗaya tal, tana karatu a wani gari mai nisa. A waya Yaya takan gyara murya ta ce da sauƙi, har ta yi dariya. Rannan yarinyar ta ce hutu ya kusa, tana nan tafe.

Yaya ta ajiye wayar ta ɗauki madubi.

"Auta, kai zan rufe da ɗankwali. Gira zan zana. Amma wannan idon fa? Dubi, kamar na kaza. Tana ganina za ta gane komai. Ba na so kallon farko ya zama wannan."

"Sai mu kira mai sawa ta zo gida."

"Baƙuwa ta ganni haka? Ke za ki koya. Hannun da ke zura zare a allura ai ba zai gagara ba."

Haka Auta ta samu kanta a wani babban shagon kwalliya, ta yi zuru a gaban bango guda na gashin ido. Wani tsawonsa kamar tsintsiya, wani cunkus, wani da duwatsu masu ƙyalli. Ta miƙa hannu ga mafi ɗaukar ido, mai shagon, wata mace mai ƙiba da tabarau a kan hanci, ta buge mata hannu.

"Ke 'yar koyo ce, ko? Ajiye wannan, na masu rawar biki ne. Wa za ki sa wa?"

Auta ta faɗa mata. Matar ta fara zaro kaya. Ta ce ban da na ɗaiɗai, don shi a jikin gashin mutum ake maƙala shi, Yaya kuwa ba ta da ko sili. Sai dai na layi guda, gajere, mai laushin gindi, wanda ba zai soki fata ba. Gam kuma fari, ba baƙi ba, don fari in ya bushe ɓacewa yake, yana rufa wa ɗan koyo asiri. A fara gwada gam ɗin a wuyan hannu ko zai yi ƙaiƙayi. A auna, a rage tsawon daga gefen waje. In an shafa gam a jira ya ɗan yi danƙo, kada a yi gaggawa. Daga ƙarshe ta sauko da kwali mai ɗauke da duk waɗannan, da hantsaki, da ɗan almakashi, da kan roba na gwaji.

"Amma ki ji," in ji ta. "Wannan kan ba ya motsi. Idon mai rai rawa yake yi, ko barci mutum yake. Kada hannunki ya saba da roba."

Auta ta ce to, irin to ɗin wadda magana ba ta shiga kunnenta ba.

Da ta isa gida, ta fito da kan ta ɗora a kan tebur. Kai ne sul, ba gira, ba gashin ido, fuskar a kwance lumui. Auta ta dubi kan, ta dubi Yaya. Yaya ce ta fara fashewa da dariya.

"Ashe ina da 'yar'uwa a kwali ban sani ba! Sannu da zuwa, Madam Shiru."

Sunan ya zauna. Kullum Auta ta dawo daga aiki sai ta zauna gaban Madam Shiru, ta sa, ta cire, ta sake sawa. Teburin na gindin taga, rana na dukan robar duk yini, don haka in ta taɓa goshin sai ta ji shi da ɗumi kamar na mutum. Ba ta son wannan ɗumin ko kaɗan. Wani lokaci in ta gama, ba ta san sa'ad da bakinta ke cewa "buɗe" ba, sai kuma ta tsaya tana jira, har sai ta ji tsoron kanta.

A kan Madam, aikin ya yi kyau kamar a hoto. A kan Yaya kuwa, abin takaici. Hantsaki na matsowa fatar idon ta fara karkarwa. Hawaye ya zubo ya jiƙa gam. Ga baki ba ya tsayawa: labarin nas mai tsawa, labarin ranar da Auta ta haɗiye maɓalli tana yarinya. Gashin ya karkace, ɗaya ya kalli sama, ɗaya ya rataya. Yaya ta duba madubi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Auta kuwa kamar ta yi kuka.

"Yaya, don Allah! Maganarki ce ke girgiza idon. Ki yi koyi da Madam mana."

Da jiki ya ƙara nauyi, dariyar ta ragu. Wata rana Yaya ta ce, "Juya mini Madam bango, Auta. In na rufe ido sai in ga kamar ni ce a kan teburin."

Ranar zuwan yarinyar, da hantsi, ta bugo ta ce motarsu ta shigo gari. Auta ta ɗaura wa Yaya ɗankwali, ta zana mata gira, ta gyara mata filo. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon. Yaya ta rufe ido, muryarta can ƙasa.

"Auta, dama akwai abin da nake so in faɗa miki."

Gam ya riga ya yi danƙo a kan hantsaki, in ya wuce haka ya lalace.

"Yaya, ki bari in gama. Yau kaɗai, ki yi mini shiru. In na gama ki faɗa har dare."

Yaya ta ɗan yi murmushi. "To, ranki ya daɗe."

Idon dama ya yi 'yar rawa, kaɗan, Auta ta lallaɓa ta zaunar da gashin. Ta shafa gam a na biyu, ta jira, ta hura masa iska. Ta dafa goshin Yaya, da ɗuminsa. Ta sauke gashin a idon hagu, sai ya zauna daram a karo ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba karkarwa, ba hawaye. Bai taɓa yi mata sauƙi haka ba sai a kan tebur. Daɗi ya kama ta, daɗi na gaske, har ta ja baya ta tafa hannu.

"Kin gani? Da kin yi shiru tun farko! Kai, Yaya, kin fito. To, buɗe."

Ta jira, kamar yadda ta saba jira a gaban Madam.

"Yaya, buɗe mana. Na gama. Faɗi maganar."

A nan ne kalaman mai tabarau suka dawo mata. Ta sa ƙaramin yatsa a kan fatar idon. Tana nan a haka ta ji takun yarinyar a matakala, tana jan akwati tana kiran Mama. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Barci take? Kai, Anti, dubi yadda ta yi kyau. Ashe da gaske ta samu sauƙi."

Auta ba ta koma wurin tela ba. Ta koyi aikin sosai, a kan idanun mutane masu ƙiftawa da hawaye da surutu, har ta buɗe nata shagon. In 'yar koyo ta zo sayen kwali, takan zaɓa mata da kanta: gajere, mai laushi, farin gam. Sannan ta buɗe kwalin ta cire kan, ta hau kujera ta ajiye shi cikin 'yan'uwansa.

"Anti, ai da shi zan koya."

"Kina da yaya? Ƙanwa? Koya a kanta. Zai karkace, ku yi dariya. Kuma in tana magana, ajiye hantsakin ki saurara. Gam ba ya ƙarewa a kasuwa."

Kai ɗaya ne a jerin ya fi sauran tsufa, robarsa ta yi ja. Mai gyaran waya, da katako kawai ya raba shagonsu, ya ce da rana tsaka in ciniki ya lafa yakan ji ta jawo kujera, ta sauko da wani abu, ta ajiye a tebur. Sai ya ji muryarta, ba irin wadda take yi wa mata ba.

"Yaya, na gama. Ina jin ki."

Ya ce ba wannan ne ke sa shi kashe rediyo ya fita waje ba. Shirun da ke biyo baya ne. Yana da tsawo, kuma har yau bai taɓa jin ta katse shi ba.