Gidan da Baba Ya Yi Ta Ƙara wa Daɓe

Duk shekara kafin damina ta kankama, Baba, Allah ya jiƙansa, sai ya sayo siminti ya kira magini a ƙara wa ɗakunanmu daɓe. A unguwarmu ta New Bell ruwa ba ya sallama. Kwata na cika sai ka gan shi har ƙarƙashin gado. Dabarar Baba ke nan, ɗaki ya fi titi tudu. Rufin kuwa bai taɓa samun halin ɗaga shi ba. Haka muka girma gidan na ƙara gajarta, har taga ta dawo daidai gwiwa, fanka ma muka cire ta don kada ta yi wa wani aski.

Bayan rasuwarsa na ƙudura sayar da gidan in mayar da Inna unguwar PK 14, inda ruwa ba ya kwanciya, don ƙafafunta sun gaji da sanyi. Maƙwabcinmu ne ya sa min rai: filinsa daidai da namu, katanga ɗaya ta raba mu, ya sayar ya koma unguwar Kotto hankali kwance. Na ce namu ma ai hakan ne.

Dillali ya zo da mai saye, wani dogo yana ƙamshin turare. Bai gama sallama ba ya gwara goshi da saman ƙofa. Na nuna masa faɗin tsakar gida da zauren da Baba ke karɓar baƙi, shi dai yana shafa goshi yana kallon silin. Dillali ya ja ni gefe ya ce in daina haɗa kaina da maƙwabci. Shi maƙwabcin tun farko ya ɗaga harsashinsa, ya yanka gidan ɗaki-ɗaki na haya, kowanne da bayinsa a ciki. Tsakar gida kuwa ba mai haya da zai biya kuɗinta.

"C'est le terrain seulement, Malam," in ji dillalin da Faransanci. "Fili za a saya, kuma sai an cire kuɗin rushewa."

Abin da suka taya ko ɗaki da falo ba zai tsayar ba. Ranar na ji haushin Baba ƙwarai, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana kare mu daga ruwa. Wasu sun zo daga baya, duk bakinsu ɗaya.

Da hadari ya fara haɗowa bana, Inna ta ce lokacin siminti ya yi. Na ce mata in aka ƙara wannan karon, ni kaina ba zan iya miƙewa tsaye a ɗakinta ba.

"Kai ne mai tsawo," ta ce. "Ni na riga na ranƙwafa. Kira maginin."

Na kira shi.