Sunan da Bature ya bar mana a tasha

Duk hutun Kirsimeti akan kwashe mu daga Kafanchan zuwa Fadan Kaje, wurin Kaka, uwar babana. Lokacin tsaga citta ne, kuma Kaka ba ta ciyar da mai zaman banza. Da an ci gwate da yamma sai ta hura wuta a tsakar gida, ta tura gwaza cikin toka, ta miƙa wa kowa wuƙa da tulin citta. Ladanmu tatsuniya. Da Hausa take ba mu, don mu 'yan birni yarenmu ya riga ya zube mana a hanya, abin da ba ta taɓa yafe wa iyayenmu ba.

Akwai wadda take maimaitawa har muka haddace. Wai wani ɗan akuya ya tafi aikatau gidan Zaki. Zaki bai taɓa tambayar sunansa ba, Mai Shara kawai yake ce masa. Da ya dawo gida sai ya hana kowa kiransa da sunan da uwarsa ta raɗa masa, wai shi yanzu mai sunan fada ne. Ran nan uwar ta hango kura a bakin rafi, ta tsaya a ƙofa tana kiran 'ya'yanta ɗaya ɗaya, kowa ya ji sunansa ya ruga ciki. Shi kuwa gogan ya ji, ya ɗauke kai, yana jira a kira shi da na fada. Kura ba ta tambaye shi ko wanne ba.

Mu dariya muke yi. Kaka ba ta yi, sai ta tofar da yawu cikin wuta.

Sai da na kai aji shida na gane da wa take. Na zo mata da fahariya cewa a makaranta mu kaɗai ke da sunan Turawa, Porter. Ta ajiye wuƙarta.

"Fota? Ka san mene ne Fota? Ɗan dako. Kakanka ya ɗauki akwatin Bature a tashar jirgin ƙasa har gashin kansa ya ƙare. Baturen bai tambaye shi suna ba ko sau ɗaya. Fota zo, Fota tafi. Sunansa Kambai, sunan kakansa da ya fara sare gonar da kuke ci."

A can ƙasar Turawa, na ji daga baya, suna ne kamar kowane, na zuriyar masu dako da masu tsaron ƙofa, kuma dako ba abin kunya ba ne. Su nasu kakannin ne suka bar musu. Mu kuwa wanda ya raina mu ne ya yar, muka tsince, muka wanke, muka rataya a ƙofar gida. 

Da Kaka ta rasu, ƙanin babana, Ankul Bitrus, shi ya ɗauki nauyin dutsen kabari. Na tuna masa cewa ta roƙe mu da bakinta kada a sa mata sunan Porter a kabarinta.

"Kai ticha, bar wannan magana," in ji shi, don a lokacin ina koyarwa a makaranta. "Manyan mutane za su zo daga Abuja. Da Porter suka san mu. Wa ya san Kambai?"

Babu wanda ya goya mini baya, har babana. Aka sassaƙa Mama Esther Porter da ruwan zinariya.

Ranar buɗe dutsen, bayan fasto ya yi addu'a an koma cin shinkafa, wata tsohuwa ta iso da sanda, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata. Ba ta iya karatu ba, ta ce in karanta mata. Na karanta.

"A'a, ɗana, ba shi ba ne," ta ce. "Matar Kambai nake nema."

Ta wuce kabari na gaba tana dubawa.

Da muna yara mun ɗauka ɗan akuya ne abin tausayi a labarin. Yanzu uwar nake tunawa, tsaye a ƙofa tana kiran sunan da ta raɗa, ba mai amsawa. Ɗana na fari Kambai na sa masa. Ankul Bitrus ya ce sunan ƙauye ne, na ce masa ƙwarai kuwa, daga can muka zo.