Na Zauna Jiran Yanar Ido Ta Nuna

A shekarun da suka biyo bayan barina aikin masaƙa a Kakuri, na zama mutum mai yawan zaman shiru. Da la'asar nakan ja kujera bakin 'yar gonata a Kamazou, karen da ke mini gadi ya kwanta can gefe, mu biyu muna kallon hadari yana haɗuwa ta gabas. Ni ina jin ƙarar injuna a kunnena kamar jiya, shi kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake tunawa.

Wata damina na lura idonsa na hagu ya yi hazo, shuɗi-shuɗi kamar ruwan bula. Ban damu ba, wai ni na san ciwon. Mahaifiyata ta yi yanar ido, kuma a zamaninsu cewa aka yi ta koma gida sai yanar ta nuna kafin a cire. Sai na zauna jiran ta karena ta nuna. Maƙwabcina, wani bakanike ɗan Ibo, ya ce mini idon ya yi ja ya kumbura, in kai shi asibitin dabbobi. Na yi dariya, na ce ya tsaya a kan gyaran mota. Kare ya daina cin abinci, yana goga kai a bango, hawaye na zuba, na ce tsufa ne.

Sai bayan mako biyu na kai shi. Likita ta haska idon, ta auna, ta ce wannan ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Ita yanar ido fara ce can cikin ƙwayar ido, a hankali take zuwa, galibi ba ta da zafi. Wannan kuwa ruwa ne ya taru ya matse jijiyar gani, da azabar ciwon kai, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yakan kashe ido. Nasa ya riga ya mutu, cire shi aka yi.

Na koyi cewa guntun sani ya fi jahilci ɓarna. Jama'a, in idon dabba ya yi hazo da ja, tana runtse shi, ku kai ta wurin likita a ranar. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, duk kwanakin nan da kansa ke sarawa, in na fito sai ya daure ya kaɗa mini jela, ni kuma ina ce masa ya ƙara haƙuri.