Kofin Farar Ƙasa a Gaban Sarki

Cikin duk shekarun da na yi ina kula da kayan gwajin kimiyya a sakandaren da ke bayan ƙauyen Gbalahi, akwai rana ɗaya da ta ƙi fita daga raina: ranar da na durƙusa gaban sarkin ƙauyen da kofin farar ƙasa a hannu, jama'a suna jira in sha.

Ku sababbin ma'aikata kun tarar da ɗakin gwaji mai famfo da tagogi, kuna zaton da shi aka haifi makarantar. A lokacin ba mu da shi. Aikina shi ne in haɗa ruwan sinadarai, in wanke kofunan gilashi, in ɗauko su a kwali zuwa aji idan malamin kimiyya zai koyar, in mayar idan ya gama. Gwamnati ta yarda za ta gina mana ɗaki, amma sai mun nuna fili, kuma fili a nan ƙasar ƙabilar Dagomba na sarki ne. Hedimastanmu, Masta Fuseini, ya yi ta zarya fada da goro har takalminsa ya cinye. Amsa ɗaya yake samowa: ana dubawa. Ni kuwa gemuna ya fara furfura ina yawo da kwali a ka kamar mai tallar burodi, kuma abin yana ci mini rai.

Sai hedimasta ya kawo dabara. A gayyaci sarki makaranta, a nuna masa abin mamaki na kimiyya, zuciyarsa ta yi laushi. Ya ce in zaɓi gwajin da ba wuta, ba hayaƙi, ba ƙara, kada dattawa su watse.

Na zaɓi mafi ladabi a cikinsu. Akwai wani gishiri da ba na miya ba, sunansa kalsiyam kulorayid. Idan ya narke a ruwa, ruwan garau yake. Akwai kuma sodiyam haidiroksayid, wato sodar nan da matan unguwar Changli ke yin sabulu da ita, mai cin fata. Ita ma ruwanta garau. Da ka zuba wannan a kan wancan, sinadaran sai su yi musayar abokai. Nan take kofin ya yi fari fat, domin farar ƙasa irin ta shafen bango ta fito, sauran ruwan kuma ya zama ruwan gishiri, da ɗan ragowar soda a ciki. Sharaɗin kawai shi ne ruwan ya yi ƙarfi, in ba haka ba farin ba zai fito sosai ba. Ni kuwa saboda sarki na ƙarfafa shi har da ƙari.

Ranar Alhamis ce da hantsi. Sarki ya iso da laima da makaɗa, aka zaunar da shi a inuwar darbejiya, dattawa suka kewaye shi. A al'adar wurin, baƙo ba ya sauraron magana sai ya sha ruwan gari, wato garin gero da aka dama, fari sol. Mma Sana mai dafa abincin ɗalibai ce za ta kawo, amma injin niƙa ya tsaya mata, ba ta iso ba. Hedimasta ya ga shiru ya yi yawa, ya ɗaga mini hannu in fara.

Na zuba, kofi ya yi fari, na ɗaga kai ina jiran tafi. Ashe makaɗa sun tsaya tsakanina da sarki, babu abin da shi da dattawa suka gani sai bayansu.

“Sumaila, kai masa kusa ya gani!” in ji hedimasta.

Na ɗora kofin a faranti, na tuɓe takalmi, na ratsa makaɗa, na durƙusa. Dattawa suka gyara zama, fuskokinsu suka saki, sun ɗauka ruwan gari ne ya iso. Wulana, wato dattijon da ke magana da yawun sarki, tunda ba a yi wa sarki magana kai tsaye, ya dube ni ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Yawwa. To, sha.”

Na ce, “Baba, ba na sha ba ne.”

“Nan gari namu, wanda ya kawo ruwa, shi ya fara sha. Sha, ka ba sarki.”

Doka ta farko a aikinmu, wadda nake karanta wa kowane sabon ɗalibi har ya gaji da ni, ita ce ba a ɗanɗana komai. Ga ɗaliban nan jere suna kallona. Hedimasta ya rarrafo kusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya raɗa mini, “Ɗan taɓa leɓe kawai.”

“Masta, soda fa a ciki.”

“Fili muke nema, Sumaila.”

“Da wane bakin zan yi godiya in an ba mu?”

Kiɗa ya tsaya. Wani dattijo ya jawo sandarsa kusa. A nan tsoro ya kama ni sosai, domin na gane abin da suke gani: baƙon Bahaushe ɗan zango, sanye da farar riga har gwiwa, ya kawo wa sarki abin sha, an ce ya kurɓa ya ƙi. Na ga fili yana tafiya, na kuma ga kaina a bayan motar ’yan sanda.

Na shiga bayani, Wulana yana juyawa zuwa Dagbanci, yaren Dagomba. Dagbancina na cefane ne, amma na ji abin da ya isar: “Ya ce ya ɗauki sodar sabulu, ya haɗa da gishirin da ba a ci, ya samu abin shafa bango da gishirin da ake ci.”

Sarki ya yi magana a hankali. Wulana ya juyo. “Sarki ya ce, shi bango ne?”

Ana cikin haka sai ga Mma Sana da ƙwarya, tana haki. Ta durƙusa gefena, ta kurɓa, ta miƙa. Farin nata da farin nawa kamar uwa ɗaya ta haife su. Babu wanda ya miƙa hannu. Ta dubi kofina, ta dube ni, ta ce, “Kai Sumaila, wa ya ce ka dama? Aiki nawa kake so?”

Na roƙi izini in sake gwajin a idon kowa. Aka kawo kofuna biyu, na ɗaga su sama aka ga ruwa ne garau, na zuba. Ya yi fari. Mata suka yi salati, makaɗi ɗaya ya buga ganga ba da niyya ba. Sarki kuwa ko gira bai ɗaga ba. Ya daɗe yana kallon farin yana kwanciya a gindin kofi, sannan ya yi tambaya.

“Sarki ya ce, wannan ruwa masu cin mutum, ina kake ajiye shi?”

Na dubi hedimasta, hedimasta ya dubi ƙasa. Na ce, “A sito, Baba.”

“Wane sito?”

“Na abinci. Bayan buhunan masara. Shi kaɗai ke da kwaɗo.”

Wulana bai ma gama juyawa ba, hayaniya ta tashi, domin rabin dattawan nan jikokinsu tuwon masarar suke ci kullum. Sarki ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya yi magana gajeriya, ya miƙe, aka ɗaga laima.

“Sarki ya ce a ba mutumin nan fili yau, ba gobe ba. Can bayan rugar Fulani, inda ba rijiya, ba kicin. Ya kwashe kaya nashi kafin la'asar.”

Hedimasta ya faɗi yana godiya. Ni ma na yi, kofin yana hannuna har lokacin, don babu wanda ya yarda in ajiye shi kusa da shi. Kafin la'asar kwalayena suna ƙarƙashin wata rumfar kara a tsakiyar fili, shanu suna leƙowa. Shi ya sa kuke ratsa garke kafin ku iso ɗakin gwaji, ku daina zagin magina.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu mutane ba sa jin bayanin amfani. Mun yi shekaru muna cewa kimiyya za ta fitar da likitoci daga ƙauyen, aka ce ana dubawa. Rana ɗaya aka ji tsoronmu, aka sallame mu da fili. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma abin ya bar mini ɗaci. Ina zuwa sunansu da jana'izarsu, muna sallah sahu ɗaya, kuma har yau a ƙauyen nan ko butar alwala na miƙa wa mutum, sai ya ce in fara kurɓa.