Takardar da Gleb Ya Sa wa Hannu

A benenmu, idan famfo ya fara tsiyaya ko bututun ɗumama ɗakuna ya yi gardama, babu mai wahalar kiran ma'aikata, ƙofar Gleb Trofimovich ake ƙwanƙwasawa. Zai fito da silifas da jakar sifanu, ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya gyara, ya ƙi shan shayi, ya koma abinsa. Baƙo ba zai taɓa cewa mutumin nan ya yi kwana ɗari da tamanin da takwas a sararin samaniya ba. Mu kuwa a garin nan ɗan sama jannati ba abin kallo ba ne, kowane bene da nasa, layin burodi ma tare muke bi.

'Yan jarida ne dai ba sa gajiya. Duk shekara sai sun turo wani mai sabuwar kwat ya tambaye shi yadda duniya take daga can sama, ana jira ya faɗi abin da za a buga da manyan baƙaƙe. Shi kuwa sai ya ce shuɗiya ce, kamar yadda aka sha gaya musu. In sun matsa, ya ce rabin zamansa a can kansa na cushe a bayan bango yana neman inda ruwa ke zuba, kuma tashar sama ba komai ba ce illa bututu da famfo da fanka, sai mutum biyu da ke lallaɓa su don kada su tsaya. Haka suke tafiya rai a ɓace. Ni dai ban ga laifinsa ba, tambayar ce ta banza.

Ɗan makaniken tarakta ne daga wani ƙauye a yankin Tambov. Uban, Trofim Lukich, gajere ne mai faɗan tsiya, wanda bai taɓa yabon komai ba a rayuwarsa, har da miyar kabejin matarsa da ya sha shekara arba'in. A hannunsa Gleb ya koyi sauraron inji tun kafin ya iya karatu. Da uwar ta rasu, Gleb ya ɗauko tsohon ya kawo shi garinmu, ya zauna tare da shi da matarsa Raisa, a ɗan ɗakin da ke kallon daji.

Shekara goma sha bakwai Gleb ya yi yana jiran layin tafiya sama ya zo kansa. Sau uku ana sa shi a ayarin ko-ta-kwana: ya sha horon duka, ya raka wasu har gindin roket, ya tsaya yana kallo su tashi, ya dawo gida da jakarsa. Tsohon kuwa ba ya raga masa. Da an zauna cin abinci sai ya ce, "To, Glebka, ɗan sama jannatin ƙasa, yau wace duniyar aka leƙo?" Sai da ya kai shekara arba'in da shida aka ce nasa ya zo, shi ne injiniyan jirgi.

Saura wata ɗaya a tashi, likitar ayarin, Nonna Pavlovna, ta ajiye masa wata takarda da ake ba duk mai tafiya. Tambaya ɗaya ce a ciki: idan mugun abu ya sami iyalinka kana sama, a gaya maka, ko a bari sai ka sauko? Gleb ya san labarin wani da aka gaya wa rasuwar ƙanensa, ya kwana huɗu a jakar barci bai taɓa aikin komai ba, kuma har yau matan garin nan ba su bar gulmar ba. Wanda ya jira shekara goma sha bakwai ba ya so a ce masa rago. Ya ja layi a ƙarƙashin "sai na sauko", ya sa hannu. Nonna ta tuna masa cewa ubansa ya kusa tamanin, ta ce duk ranar da ya canza ra'ayi, tambaya kawai zai yi da bakinsa, takardar ta tashi daga aiki. Ya ce ya ji. Hankalinsa yana kan jarrabawar washegari.

Suka tashi a watan Fabrairu, shi da kwamandansa Zahar Ilyich, wani ƙato mai surutu da ke waƙa yana aske gemu. Kowace Lahadi akan kawo iyali ɗakin rediyo a ba su minti ashirin. Raisa ba ta samun ko biyar, don tsohon ne ke ƙwace abin maganar.

"Glebka, wannan ƙarar da nake ji a bayanka, ta mece ce?"

"Fanka ce, Baba."

"Fankar nan tana cin ƙarfenta. Ka duba ta kafin ta kunyata ka a idon duniya."

Ya duba, haka ne kuwa. Da ya gaya masa a mako na gaba, tsohon cewa ya yi da ma ya sani, sannan ya koma kan famfon ruwa. Gleb ba zai taɓa amsa wannan da bakinsa ba, amma duk mako masifar nan yake jira. A rayuwarsu ba su taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

A tsakiyar Mayu, wata Lahadi, Raisa ta zo ita kaɗai. Ta ce mura ce ta kama tsohon, likita ya hana shi fita iska. Mura! Mutumin da ya taɓa zuwa aiki da karyayyen haƙarƙari, ya gyara tarakta biyu kafin ya yarda a duba shi. Ga kuma muryar Raisa, wadda kullum take katse mutum tana haɗa zance uku a numfashi ɗaya, ranar nan tiryan-tiryan take magana kamar mai karanta labarai. Gleb injiniya ne. Ya haɗa wannan da wancan, ya fitar da amsa guda: tsoho ya mutu, an binne shi, ana bin abin da takarda ta ce. Bai kawo wa ransa wata amsar ba.

Zahar yana gefe yana jin komai. Da aka rufe layi ya ce wa Gleb, "Trofimich, ka tambaya mana. Bakinka ciwo yake yi?"

"In ya mutu, tambayata ce za ta tashe shi? Jibi za mu fita aiki wajen tashar, ina bukatar hannuwana."

Zahar ya kira shi mai kan dutse, ya juya ya tafi ɗaya ɓangaren tashar.

Gleb ya jira baƙin cikin ya zo, bai zo ba. Ya ci abincinsa na gwangwani, ya tuƙa keken motsa jiki awa biyu, ya canza matatar iska, ya rubuta lambobi a littafin aiki. Jikinsa yana yin komai daidai, shi kuwa kamar an aike shi wani wuri. Ranar fita waje suka yi awa shida suna fama da notin eriya da ya ƙi kwancewa. Can Zahar ya ce masa ya dubi ƙasa, ga kogin Volga nan, ƙauyensu ba shi da nisa daga can. Ya duba. Ya ga kogin, ya ga gonaki sun fara kore, bai ji komai ba. Ya mayar da kansa kan notin, wanda ya kwance a juyi na gaba.

Lahadi ta biyu Raisa ta ce murar ba ta sake shi ba. Ta uku ma haka. Abin da Gleb ya lura da shi shi ne shirun da take yi. Sai ta faɗi magana ɗaya ta tsaya, iska na ta shuu a rediyo, minti mai tsada yana wucewa. A ta huɗu ta ce masa a fili, "Gleb, babu abin da kake so ka tambaye ni?"

A ganinsa tausaya mata yake yi. Mace ta yi jana'iza ita kaɗai, tana ƙoƙarin rufe masa, don me zai tilasta mata ta faɗa a gaban ma'aikata goma masu sauraro? Sai ya tambaye ta tumatirin da ta dasa a gonarsu ta bayan gari, ko sanyin safiya bai taɓa shi ba. Ta ce tumatir lafiya lau. Daga Lahadi ta biyar ta daina shirun, ta daina ambaton tsohon gaba ɗaya, shi ma bai ambace shi ba. Haka suka ci wata biyu da rabi suna zancen yanayi da maƙwabta.

Suka sauko a ƙarshen Agusta, a filin Kazakhstan, cikin zafi. Aka zaro su daga kumbon kamar buhun dankali, aka ɗora a kujera, aka ba su shayi, masu hoto suka yi ta cewa ya yi murmushi, ya yi. Aka kawo su garinmu, ɗakin jinya, inda ake koya wa mutum tafiya daga farko. Washegari da hantsi aka bar Raisa ta shiga. Ta rame ƙwarai. Yana kishingiɗe, hannunsa ma nauyi yake masa, amma ya shirya maganarsa tun watanni, yana so ya sauƙaƙa mata.

"Na sani, Raya, ba sai kin wahala ba. Tsakiyar Mayu ne, ko?"

"Tara ga Yuni," in ji ta.

Ya lissafa a ransa, don lissafi ba ya ba shi wuya. Kwana ashirin da biyar ke nan bayan Lahadin farko.

Ta zauna a bakin gado ta ba shi labarin, ita ma ba kuka take ba, ta riga ta gama nata. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da tsohon a kicin ranar wata Juma'a. Aka kai shi asibitin nan namu, wanda daga shi zuwa ɗakin rediyo tafiyar minti goma ce a ƙafa. Bayan mako guda magana ta dawo masa, a karkace amma ana ganewa. Tun daga ranar kullum da safe abu ɗaya yake nema, a haɗa shi da ɗansa. Masu rediyo har sun ja waya daga tarhon asibiti, sun gwada, tana aiki, izini kawai suke jira. Nonna Pavlovna ta ce kalmar farko da tsohon zai furta da wannan bakin za ta fallasa komai, mai takarda kuma ya ce kada a gaya masa, ga fita waje, ga aiki a gabansa. Ita ma likitar hawaye take yi tana faɗa, amma ba ta sauya ba. Ta ce in Gleb ya tambaya da bakinsa, a minti ɗaya za ta haɗa su. Raisa kuwa an gargaɗe ta, in ta faɗa da kanta za a yanke layin.

"Lahadi huɗu ina tsayawa ina yin shiru don ka tambaya," ta ce. "Yana kwance da tarho a kan filo yana jira. Kai kuma kana tambayata tumatir."

Raisa, wadda ita ta ba ni labarin nan a kicin ɗinta bayan shekaru, ta ce ta zuba wa Gleb ido tana jira ya yi kuka ko ya fasa wani abu, ko ya zage ta ma, da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba, kuma har yau bai yi ba. Fuskarsa tana nan yadda take lokacin da yake karanta lambobin inji.

"Me yake so ya ce mini?"

"Na tambaye shi sau da yawa. Ya ce ba da ni zai yi maganar ba, da kai ne."

A nan ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin atisaye ya yi, yau taku arba'in ne a baranda. Raisa ta ce ta ba su minti biyar don Allah. Gleb ya ce a'a, a jadawali yake. Ya miƙa hannu aka ɗaga shi, ya dafa bango, ya yi takun arba'in ɗin yana ƙirgawa a fili, bai rage ko ɗaya ba.